Ɗari da itatuwan ado: ina kuɗin 'yan kasuwa ke tafiya?

A watan Disamba na 1989, matsanancin sanyi ya faɗa wa jihar Fulorida ta Amurka, inda manyan wuraren wasa irin su Disney World suke. Gonakin lemu sun lalace, shuke-shuken ado 'yan asalin ƙasashen zafi da dama sun mutu. In sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin ganye yakan daskare ya fasa shi, kafin safe ganyen ya yi baƙi. Su can suna da kuɗin lulluɓe shuka da sake dasa wata. Mu fa?

A Tasawa da Mayahi ɗari ba ya kai ruwa ya daskare, wannan sai can Ayar da Bilma. Amma hunturun Disamba zuwa Fabrairu yana da tasa ɓarnar. Busasshiyar iska tana shanye laimar ƙasa, ƙura tana rufe ganye, ga awaki sun rasa ciyawa. Furen ado da aka saya da tsada aka dasa a bakin hanya ko ƙofar ofis, in ba a shayar da shi safe da yamma ba, ba ya ganin bazara.

Me ya shafi mai tebur da mai tallan kayan miya? In dashen na hukuma ne, daga patanti da tikitin kasuwa da kuke biya ake fidda wani ɓangaren kuɗin. Tun 1975 Nijar ke bikin dashen itace ranar 3 ga Agusta. Ranar dashe kowa yakan zo, amma wa ke komawa a watan Janairu ya ƙidaya waɗanda suka rayu?

Alhali amsa tana gida. Gawo da rani yake ganye, lokacin da dabba ke neman abinci. Aduwa da magarya ba sa jiran bokiti. A Gulbin Kaba, goruba ce ke ba mata kabar tabarma, igiya da faifai, abin da ake juyawa kuɗi ranar kasuwa. Kuma a jihar Maradi ne, tun shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture yana girma a gonaki, dabarar da ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasa.

Saboda haka, in magajin gari ya zo da maganar ƙawata gari, 'yan kasuwa su tambaye shi: wane icce ne, wa zai shayar da shi, da wace gariya za a kare shi? Mai tumatir inuwa take so, don kada kayanta su yi yaushi kafin azahar. Dogon yaro ɗaya da ya rayu ya fi mata fure ɗari da hunturu ya cinye. Allah ya sa masu iko su ji.