A Fifita Ɗan Gida a Kwangila, Amma Wane Ne Ɗan Gida?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya wuce Kura ya nufi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga gonaki kore shar hagu da dama, alhali rabon ƙasar da ruwan sama tun wajen watan Oktoba. Wannan albarka daga madatsar Tiga take gangarowa, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan yana bin babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana har ya kai gonakin Bunkure, Garun Malam da Kura. Da shi muke noman shinkafa, tumatir, albasa, masara da alkama, da shi kuma yawancinmu ke biyan kuɗin makarantar yara.

Amma magudana ba ta gyara kanta. Kowace shekara sai an yashe laka, a cire ciyawar da ke toshe ruwa, a gyara ƙofofin ruwa da kwalbatoci, a cike ramukan hanyoyin gona. Bayan wannan akwai ginin azuzuwa, ɗakunan shan magani, rumfunan kasuwa da bencin 'yan makaranta. Yawancin waɗannan ayyuka da kuɗin gwamnati ake yi, ta hanyar kwangila. Saboda haka tambayar da muke yawan ji a bakin magina, kafintoci da masu walda na cikinmu ita ce: me ya sa aikin yana ƙofar gidanmu, amma kwangilar sai ta tafi hannun wanda bai taɓa kwana a Kura ba?

Ra'ayinmu shi ne ya kamata a fifita 'yan kasuwar yankin a ƙananan kwangiloli. Sai dai muna da sharaɗi guda, wanda ya fi fifikon kansa nauyi a wurinmu: a rubuta a fili abin da ake nufi da ɗan gida, a kuma auna shi da wurin da mutum yake aiki da biyan haraji.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, gama mutane da yawa suna zaton an riga an ba mu wannan fifiko. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya, ta 2007, a sashe na 34, ta yarda a ba kamfanin gida rangwame wajen auna farashi. Amma gida a wannan doka Najeriya ce baki ɗaya, kuma rangwamen yana aiki ne a manyan kwangilolin da kamfanonin ƙasashen waje suke shiga takara. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan umarni na 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa kan kaya irin su yunifom, abinci, kujeru, magunguna da kayan gini ya tafi ga na gida. A watan Mayu na 2025 kuma gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta amince da manufar sa Najeriya a gaba wajen sayen kayan gwamnati. Duk waɗannan suna kāre ɗan Najeriya ne daga baƙon waje. A gabansu, kamfanin Legas ko na Abuja da mai tifa ɗaya na Bunkure duk 'yan gida ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin aikin noman ranin nan yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kuma ta tarayya ce. Babban gyaran da aka yi wa magudanan a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince masa da rancen kusan dala miliyan 500 a 2014 domin wuraren noman rani da dama na Arewa, aiki ne na manyan injuna da manyan injiniyoyi. Ba mu ce a ɗauki irinsa a ba wanda ba shi da ko katafila ɗaya ba. Maganarmu tana kan ayyukan da ke biyo baya kowace shekara, waɗanda birkila mai mutum goma da tifa biyu zai iya gamawa da kyau.

Dalilinmu na farko shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magini ɗan Garun Babba ya san inda ruwa yake kwanciya da damina, ya san watan da tifa ba ta iya shiga hanyar gona, ya san lokacin da za a rufe ruwa ba tare da an kashe wa mutane tumatir ba. Na biyu, ba shi da wurin gudu. Idan kwalbatin da ya yi ta rufta, za mu gan shi ranar kasuwa, za mu gan shi wurin suna da wurin jana'iza, kuma shi ma ta kanta zai bi da buhunan shinkafarsa. Na uku, kuɗin yana daɗewa yana zagayawa a tsakaninmu. Zai sayi bulo a nan, ya ɗauki leburori a nan, mai abinci ta samu ciniki, yaron da ya gama sakandare ya koyi ɗaurin rodi maimakon ya tafi birni neman abin da babu.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. Tun 2013 ƙasar Kenya ta keɓe kashi 30 cikin ɗari na sayayyar gwamnati domin kamfanonin matasa, mata da naƙasassu. Abin lura a nan shi ne an rubuta kason, an rubuta waɗanda suka cancanta, an kuma buɗe rajista. Kowa ya san ƙa'idar kafin a fara takara.

Yanzu ga inda muke roƙon dattawa su saurara da kyau. Kalmar ɗan gida tana da daɗin ji, amma mun san yadda take juyawa. Idan aka ce ɗan gida shi ne mai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, to an fitar da mai waldan da ya zo daga Filato ko Binuwai shekara talatin da suka wuce, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'yansa a nan, ya koya wa yaran unguwa sana'a, yana kuma biyan kuɗin shagonsa ga ƙaramar hukuma. Har ma a cikinmu waɗanda kakanninsu suka sare dajin ƙauyukan nan, mun san wasu sun sha zirga-zirga kafin su karɓi takardar, saboda sunan da suke amsawa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Fifikon da aka gina kan takardar asali zai taka wannan sashe, kuma mu da muke 'yan kaɗan za mu fara jin zafinsa.

Hatsari na biyu shi ne ɗan gida ya zama ɗan gidan mai mulki. Kowa ya san kamfanin da ofishinsa jakar hannu ce, wanda zai karɓi takardar kwangila ya sayar wa wani, wannan ma ya cire nasa ya miƙa gaba, har abin da ya iso hannun mai yin aikin bai isa sayen siminti mai kyau ba. Idan aka ce a fifita na gida ba tare da ƙa'ida ba, irin waɗannan ne za su fara cin moriya, manomi kuwa ya samu magudanar da za ta tsage kafin kaka.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya dace mu nema daga kansiloli, shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu. A auna ɗan gida da abin da ido zai gani: shago ko wurin aiki a yankin na wasu shekaru, rasiɗin haraji, ma'aikatan da ke zaune a nan, da aikin baya da za a je a duba. A sa wa fifikon iyaka a rubuce cikin takardar neman kwangila. Misali, idan an ce kashi biyar cikin ɗari, to na nesa ya ce naira miliyan 10, na gida ya ce miliyan 10 da dubu 400, a ba na gida; in ya ce miliyan 12, ya haƙura, gama kuɗin na jama'a ne. A kasa ayyuka irin su yasar ƙananan magudanai kashi-kashi tun wurin tsarawa, a sanar a fili, domin dokar 2007 ta haramta tsinka kwangila a ɓoye don a kauce wa takara. A liƙa sanarwa da Hausa a sakatariya da kasuwanni, a buɗe takardun masu nema a gaban jama'a, a kafa allo a wurin aiki mai ɗauke da sunan kamfani, kuɗin aikin da ranar gamawa. A kuma biya a kan lokaci. Dokar tarayya ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo kuɗin ruwa, kuma babban kamfani zai iya jiran shekara, amma wata uku ya isa ya durƙusar da kafinta.

Mu ma akwai namu gyaran, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da yawa cikin masu sana'armu gwanaye ne, amma ba su da rajista, ba su da asusun banki da sunan sana'a, ba su da takardar shaidar biyan haraji. Ba a shiga takarar kwangila da kyakkyawan suna kaɗai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista. Waɗanda ƙarfinsu bai kai ba su haɗu, birkila da mai tifa da mai walda, su kafa ƙungiyar gama kai. Matan da ke turara shinkafa a Kura su ma za su iya haɗuwa su nemi kai abinci makarantun kwana. Muna roƙon malamai da akantocin da ke cikinmu su ba da yamma ɗaya a wata su koya wa 'yan'uwa cike takardu da riƙe littafin lissafi. Manoma kuma su riƙa halartar taron ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin a can ake fara maganar abin da za a gyara.

Kada mu yi wannan nema mu kaɗai. Maƙwabcinmu Musulmi mai tifa ko mai injin casa, wanda ba shi da kowa a sama, ƙofar da ke rufe mana ita ke rufe masa. Ruwan da ya toshe a sama ba ya tambayar gonar wa ke ƙasa. Idan muka je sakatariya tare, da takarda ɗaya da buƙata ɗaya, za a fi saurarenmu.

A ƙarshe, ga ɗan'uwan da zai samu kwangila gobe: idan ka rage siminti, ka rufe ƙofa ga goma da ke bayanka, ka kuma ba masu cewa na gida ba su iya ba abin faɗa. Ka yi aikin da bayan shekara goma za ka tsaya a kansa ka nuna wa ɗanka. Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka cikin noman bana. Amin.