An Buɗe Masa Ƙofar Gidan Yari, Wa Zai Buɗe Masa Ta Gida?

Kusan kowace shekara, idan azumi ya kama ko Sallah ta gabato, mukan ji cewa wani gwamna ko wani attajiri ya biya wa fursunoni tara an sallame su. A watan Nuwamban 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da shirin sakin mutum 4,068 ta wannan hanya a faɗin Najeriya. Aikin lada ne, Allah Ya saka wa masu yin sa. Sai dai hotunan da ake nuna mana a bakin ƙofa suke ƙarewa: mutum riƙe da 'yar ledar kayansa da kuɗin mota. Ba a nuna mana inda ya kwana a wannan daren.

Tun 2019 dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma ɗora wa hukumar nauyin shirya ɗaurarre don komawa cikin jama'a. Amma ganduroba ba ya bin mutum gida. Duk abin da aka koya masa a Kurmawa ko Goron Dutse ko Kuje, ɗinki ne ko kafinta ko karatu, a hannun danginsa zai rayu ko ya mutu. Mu tuna kuma cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi. Wani zai shekara uku a ciki, a sake shi ba tare da an same shi da laifi ba, ya dawo unguwa ya tarar jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin.

Abin da yakan tarar a gida sananne ne. Ɗakinsa an bai wa ƙane, shagonsa an sa wani, an daina ambaton sunansa a gaban baƙi. Idan wayar wani ta ɓace a gidan, shi ake fara kallo. Ya nemi aure, waliyyan yarinya su ce ba su haɗa iri da wanda ya taɓa shiga kurkuku. Waɗanda ke tarbarsa da fara'a, su ba shi wurin kwana da na shayi ba tambaya, su ne dai abokan da suka kai shi can tun farko. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (S.A.W) wani mashayi aka yi masa haddi, sai wani daga cikin jama'a ya yi masa mummunar addu'a, Annabi ya hana, ya gargaɗe su kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Gidan da ya rufe wa ɗansa ƙofa irin wannan taimakon yake yi, ko da sunan kare mutuncin zuri'a ne.

Labarin Misɗahu ya fi kusa da halin da iyalai ke ciki. Ɗan'uwan Sayyidina Abubakar (R.A) ne, matalauci, Abubakar ke ciyar da shi. Sai ga shi cikin waɗanda suka yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, 'yar Abubakar ta cikinsa, aka kuma yi masa haddi. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, kuma babu uban da ba zai fahimci wannan rantsuwa ba. Aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana hana masu falala da wadata yin irin wannan rantsuwa a kan makusantansu, tana kiran su ga afuwa. Abubakar ya mayar masa da ciyarwar. Haka matar Banu Makhzum da aka yanke wa hannu saboda sata: Annabi ya ƙi karɓar ceton da Usama ya zo yi mata, amma bayan hukuncin Nana A'isha ta shaida cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, tana kuma zuwa wurinta tana isar mata da buƙatunta ga Annabi. An zartar da hukunci ba sassauci, bayansa kuma ba a ƙara mata wani ba.

Akwai haƙƙoƙin da ake takewa da sunan fushi. Zaman gidan yari ba ya cikin abubuwan da ke hana gado, don haka 'yan'uwan da suka raba dukiyar mahaifinsu suka tsallake wanda ke tsare haram suka ci. Ɗauri kuma ba saki ba ne. Matar da ta rasa ciyarwa ko zaman ya cutar da ita tana da damar kai ƙara gaban alƙali, ba mai zarginta. Abin da ba ya halatta shi ne dangi su kwashe ta su ce aure ya mutu da kansa. Wadda ta zaɓi ta jira kuwa, nauyinta da na 'ya'yanta yana kan dangin mijin kafin kowa.

Aikin ba ranar saki yake farawa ba. Uwa takan jure layin ziyara, uba da yayye maza kuwa kunya takan hana su, alhali Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ya shekara biyar bai ga fuskar mahaifinsa ba, baƙo ne zai dawo. Muna kira ga hukumar gidajen gyaran hali da ta riƙa sanar da iyali tun makonni kafin saki, masu biyan tara kuma su riƙa tambayar wa zai zo ya karɓi mutumin. Limamai da masu unguwanni su shiga tsakani inda zuciya ta yi tauri. Kwamitocin zakka na masallatai su sani cewa wanda ya fito ba ko sisi fakiri ne, keken ɗinki ko ɗan jari daga zakka halal ne a gare shi.

Ba muna cewa kowane ɗaurarre gidansu ne ya dace da shi ba. Wanda ya cutar da yaro ko mace a cikin gida, zalunci ne a mayar da shi ƙarƙashin rufi ɗaya da wanda ya cuta a ce a yi haƙuri. Wanda ya ci dukiyar wani, dangi su taimaka masa ya biya, domin zaman kaso ba ya sauke haƙƙin bawa. A hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umarnin ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Yaron da daba ko ƙwaya ta kai shi gidan yari, wataƙila kawunsa da ke noma a ƙauye ko baffansa mai shago a wani gari ya fi dacewa ya riƙe shi na shekara ɗaya ko biyu, sauran dangi su haɗa kuɗin ɗawainiyarsa, mahaifinsa kuma ya kai shi da kansa.