Tuƙar shayin Gyadi-Gyadi taki ce, a daina zuba ta a kwata

Kwanan nan shawara ta yawaita a wayoyin mutane cewa kada a zubar da tuƙar gahawa, a zuba ta a gindin shuka. Maganar tana da tushe. Abin da ya rage bayan an tace gahawa yana ɗauke da sinadarin naitirojin kusan kashi 2 cikin 100, kuma tun 1995 kamfanin Starbucks na Amurka yake ba masu lambu tuƙarsa kyauta. Sai dai mu a Kano yawanci Nescafé ake sha, shi kuwa narkewa yake yi gaba ɗaya, tuƙarsa tana can masana'anta. Abin da muke da shi jibge yana teburin mai shayi. A titin Zariya, daga bakin Asibitin Malam Aminu Kano har cikin lungunan Gyadi-Gyadi da kewayen kasuwar Tarauni, kowace safiya da dare ana kakkaɓe rariya cike da dafaffen ganye, ga ɓawon ƙwai an tara a kwali, sannan a kwashe duka a juye a kwata. Wannan abin ya kamata a riƙa ware shi ana mayar da shi taki.

Ba baƙon abu ba ne a garin nan. Michael Mortimore, wanda ya nazarci ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda jakai ke shigowa da itace su koma da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin shekara da shekaru ba hutu. Abin da ya ɓata takin bola shi ne leda da robar fiya wata da batir da kwalba. Manomi ba zai sayi juji ya kwana yana tsintar leda ba. Sharar mai shayi kuwa tana fitowa kusan a tsabtace, bokiti ɗaya ya isa a raba ta tun daga tushe.

Wani zai ce me ɗan naitirojin ɗin tuƙa zai yi, alhali takin yuriya yana da kashi 46 cikin 100? Gaskiya ne, ba wanda zai noma masara da tuƙar shayi. Amma ƙasarmu rairayi ce, ruwa da takin zamani duk zurarewa suke yi. Ruɓaɓɓen ganye shi ke riƙe laima, abin da buhun yuriya ba ya yi. Ga mai zogale biyu da alayyahu a tsakar gida, ko masu sayar da dashe a bakin titi da ke sayen ƙasa da taki, wannan ne ma abin da suka fi bukata.

Ƙorafin wari da ƙuda ya fi ƙarfi, kuma yana da gaskiyarsa idan aka yi gaggawa. Tuƙar da ta haɗu da madara da sukari tururuwa take kira. Ɗanyar tuƙar gahawa in aka labta ta a kan tsiro tana iya tsumburar da shi, in ta bushe kuma ta yi ɓamɓaroki ta hana ruwa shiga. Maganin shi ne a haƙa rami, a cakuɗa da busasshen ganyen darbejiya da kashin awaki, a daka ɓawon ƙwan, a rufe da ƙasa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi. Masu Lipton su yage jakar tukuna, domin wasu jakunkunan akwai roba a jikinsu.

Saura wa zai kwashe. Hukumar kwashe shara ta REMASAB aikin bola ya riga ya yi mata yawa, kuma wannan bai kai a jira ta ba. Masu unguwanni da shugabannin masu shayi na Tarauni su haɗa kowane teburi da mai lambu ko mai dashe mafi kusa, mai lambun ko mai dashen ya kawo bokitin, shi ya zo ya ɗauka kullum da hantsi.