Alƙaluman gwamnati da maganar aikin yi a biranenmu

Kowace shekara Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2004, takan fito da lissafin tattalin arzikin Nijar: abin da aka noma, abin da masana'antu suka sarrafa, kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Da wannan lissafi ne ministoci suke tsara aiki, da shi ne kuma ake zama da masu ba ƙasa rance. Don haka ya kamata mai karatu ya san abin da alƙaluman suke faɗi da abin da suke tsallakewa, musamman kan sha'anin aikin yi a birane.

Mu fara da masana'antu. A takarda, wannan sashe ya bunƙasa tun 2011, shekarar da matatar SORAZ ta jihar Damagaram ta soma aiki da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana. A 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon wajen kilomita 2.000 zuwa bakin teku a ƙasar Benin. Dukiya ce, babu gardama. Amma bututu ba ya riƙe ma'aikata: da an gama shimfiɗa shi, sai leburori su koma gida. Masana'antun da suke ɗaukar hannu da yawa kuwa, su ne suka yi ta durƙushewa. Dattawan Maraɗi suna tune da SICONIGER mai matsar man gyaɗa, da SONITAN mai jimar fatu. Masaƙar Yamai ta yi ta sauya suna, daga NITEX zuwa SONITEXTIL zuwa ENITEX, atamfar waje tana danne ta. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK kusa da Arlit, mai ma'aikata wajen 600, ban da na ƴan kwangila. Ashe ke nan lissafin masana'antu yana iya hawa, alhali masu karɓar albashi a cikinsu suna raguwa.

Sai maganar rashin aiki. Mutane sukan yi mamaki idan suka ji cewa marasa aiki kaɗan ne a ƙasarmu, ga kuwa samari zaune a fada tun safe suna dafa shayi. Dalilin yana cikin ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na awa guda cikin makon da ya wuce, mai aiki ne a wurin masu ƙidaya. Wanda ya gaji da nema ya zauna, shi ma ba ya shiga sahun marasa aiki. To, talaka ba shi da halin zama. Dole ya tura baro, ko ya yi ga-ruwa, ko ya karɓi babur ya yi kabu-kabu, ko da abin da zai samu bai kai kuɗin tiyar hatsi ba. Wanda yake iya jira yana nema, galibi mai takardar makaranta ne da yake da mai ciyar da shi. Binciken da aka yi a Yamai a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa wajen bakwai cikin goma na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, kuma binciken ƙasa baki ɗaya na 2017 ya sake nuna rinjayen wannan sashe.

A nan ne tsarin samar da aiki yake tuntuɓe. Hukumar ANPE, tun kafa ta a 1996, tana rubuta sunayen masu neman aiki, tana sa hannu kan kwantaragi, tana tura matasa koyon aiki a kampanoni. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jika 42, bayan ya tsaya kan jika 30 da ƴan kai tun 2012. Matakai ne masu kyau, sai dai iyakarsu mai takardar ɗaukar aiki da lambar asusun CNSS. Yaron gareji a Damagaram, da tela a kasuwar Tawa, da yarinya mai aikin gida a Yamai, da ɗan ci-rani da yake shigowa bayan girbi, ba su taɓa jin ɗuminsu ba. Kuma su ne suke ƙaruwa: ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, Yamai kaɗai ta haura miliyan ɗaya.

Kasuwanci ma haka. Fataucin da yake gudana tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, ko ta Birnin Ƙonni, ba dukkansa yake bi ta ofishin duwan ba. Tsakanin 2018 da 2019, da aka sake lissafin arzikin ƙasa aka ɗauki shekarar 2015 ma'auni maimakon 2006, sai jimlar ta ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an ƙara buhu guda a rumbun kowa ba. Dukiyar tana nan tun da, alƙalami ne bai kai gare ta ba.

Me ya sa ɗan kasuwa yake ɓoye cinikinsa? Yana ganin mai ƙidaya ɗan aiken mai karɓar lanho ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alhali doka ta hana a yi amfani da amsar da mutum ya bayar wajen ɗora masa haraji. Wannan bayani bai isa kunnen jama'a ba, aikin hukumomi ne su kai shi, cikin harsunan ƙasa, ta rediyo da azuzuwan yaƙi da jahilci. Akwai kuma hanyar da ba ta da tsada. Sarkin pawa ya san yawan mahautan garinsa, sarkin maƙera ya san maƙeransa, shugabannin tasha suna da sunayen direbobi da yaran mota, ma'aikatan magajin gari suna yanka tikiti a kowace rumfa ranar kasuwa. Idan aka tattara wannan sani gari gari, aka sabunta shi duk shekara, mai tsara koyar da sana'a zai san teloli nawa ne a Maraɗi kafin ya buɗe wani sabon ajin ɗinki.