Tashar Ivanpah da Kunkurun Hamadar Mojave

A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da tashar lantarki ta Ivanpah a hamadar Mojave, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka. Madubai fiye da 300,000 ne ke tattara hasken rana su jefa shi kan hasumiyoyi uku, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injina. An kashe mata kimanin dala biliyan 2.2, aka kuma yi ta yabonta a matsayin maganin hayaƙin gawayi.

Matsalar ta faro ne tun daga zaɓen wuri. Masu tsara aikin sun dubi taswira suka ga fili fetal, rana kuma tana dukansa shekara duka. Sai dai hamada ba kufai ba ce. Filin mazaunin kunkurun hamada ne, wanda doka ta sanya cikin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1990. Dabba ce da ke cinye mafi yawan rayuwarta cikin rami, don haka ƙidayar farko ta yi ƙasa ƙwarai. A 2011 hukumar kula da filayen tarayya ta dakatar da wani sashe na ginin saboda kunkuran da aka tono sun zarce lissafi. An kwashe su zuwa wani wuri, alhali kunkurun da aka raba da raminsa yakan yi ta neman hanyar komawa, a nan kuwa ƙishirwa da namun daji ke samun sa. Da tashar ta fara aiki, tsuntsaye suka riƙa ƙonewa a sararin da hasken ke haɗuwa.

Akwai kuma 'yan asalin yankin, irin su Chemehuevi, waɗanda ke da wuraren tsarki da tsofaffin hanyoyin kakanni a wannan hamada. Tuntuɓar al'umma bayan an riga an shata fili sanarwa ce kawai, ko da an kira ta shawara.

Masu cewa ɗumamar yanayi ta fi kowace tasha illa ga kunkuru suna da hujja. Amma hujjar tana goyon bayan makamashin rana ne, ba ta wanke kowane fili da aka zaɓa ba. Rufin gidaje, wuraren ajiye motoci, gonakin da gishiri ya kashe da tsofaffin ramukan ma'adinai duk rana tana dukansu. Tsarin da ya ware inda za a gina da inda za a bari a hamadar Kalifoniya bai fito ba sai 2016, shekara biyu bayan an kunna Ivanpah.