Ajuji, Barmani da Dursun: abin da suna ke faɗa game da lafiyar gida

Yau ba da kwalbar magani za mu fara ba, da sunan da ke rubuce a jikin takardar likita za mu fara.

Mu masu harhaɗa magunguna kullum cikin karanta sunaye muke. A nan Dutse Uku, inda Bahaushe da Bajare da Bayarabe da Ibo ke layi ɗaya a kantin magani, a yini guda za ka ga Danladi, ka ga Talatu, ka ga Gyang, ka ga Durojaiye. Sunayen ranaku kowa ya san su, kuma a Filato ba na Musulmi kaɗai ba ne: Ladi da Asabe da Danjuma suna cike da coci kamar yadda suke cike da Islamiyya. Waɗanda suka fi jan hankalina su ne sunayen da ke ba da labarin haihuwar kanta. Gambo ya biyo bayan tagwaye. Tanko namiji ne da ya zo bayan mata, Kande ko Delu mace ce bayan maza. Cindo an haife shi da yatsa shida, Shekarau kuwa an ce ya daɗe a ciki. Kakanninmu ba su da katin asibiti, sai suka ajiye tarihin a bakin mai kira.

Akwai kuma sunaye masu nauyi. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, a ce tana wabi. Wanda ya zo bayan haka sai a kira shi Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wata uwar roƙo take yi kai tsaye: Barmani, wato a bar mini wannan. Wasu har kunne suke huda wa jaririn ko da namiji ne. Maƙwabtanmu Yarabawa suna da Durojaiye da Malomo, tsaya ka ci duniya, kada ka sake tafiya. Ibo suna da Onwubiko, mutuwa don Allah.

Abin ba a Afirka ya tsaya ba. Ku dubi Azarbaijan, ƙasar da ke gaɓar tekun Kasfiya, mai babban birni Baku, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyat a 1991. Sunayensu daga rijiya uku ake ɗibarsu. Akwai na Larabci da Musulunci ya kai, har ma sun taƙaita Muhammad ya koma Mammad, kamar yadda muka mai da shi Mamman. Akwai na Farisanci irin su Gulnar, furen rumman. Sai na harshensu, dangin Turkanci, kamar Aygun, wata da rana a suna ɗaya. A cikin waɗannan na gida ne za ka tarar da Yashar, wato zai rayu, da Dursun, wato ya tsaya, waɗanda a da ake raɗa wa yaron da yayyensa suka rasu. Barmani ke nan da wani harshe. Suna ma da Basti da Kizbas, ma'ana ya isa, mata sun isa, ga 'yar da aka haifa ana jiran namiji. Wannan kam ban so shi ba. Yarinya ta tashi kullum ana kiranta da abin da ke tuna mata ba ita aka so ba, gara Kandenmu sau dubu.

To me ke kashe 'ya'yan gida ɗaya a jere? Dalilai suna da yawa, amma uku ne nake so iyaye su riƙe.

Na farko sikila, wadda muka fi sani da amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki. Ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba ne dole, ana iya jera uku. Jaririn yakan fito lafiya, sai wajen wata biyar zuwa shida, lokacin da jinin da ya zo da shi daga ciki ya fara raguwa, a ga hannu da ƙafa sun kumbura, ido ya yi rawaya, zazzaɓi ba ya jin magani. Wannan shi ne ainihin hoton da tsofaffi ke bayarwa na ɗan wabi. Yau yaro mai SS yana girma ya yi aure idan an gano da wuri: folic acid kullum, penicillin na kariya a ƙuruciya, rigakafin zazzaɓin cizon sauro, allurai a kan lokaci, da hydroxyurea idan likita ya rubuta.

Na biyu rashin jituwar jinin uwa da na jariri. Uwa mai Rhesus negative da ta haifi ɗa mai positive, ɗan fari yakan tsira, na bayansa ne ke zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Allurar anti-D a mako na 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, tana tare wannan. Tana da tsada, shi ya sa ya kamata maigida ya san rukunin jinin matarsa tun farkon awo, ya fara tanadi.

Na uku cibiya. Reza mara tsabta, toka, man goge baki, duk hanyoyin shigar ƙwayar sandarewar jarirai ne, wadda aka daɗe ana ɗora wa tsuntsu ko iska. Man chlorhexidine na cibiya da allurar tetanus ga mai ciki sun fi kayan suna araha nesa ba kusa ba.

Azarbaijan ɗin nan tana fama da tata cutar jini ta gado, talasimiya, kuma tun 2015 ta wajabta gwaji kafin aure. Jihar Kano ta kafa irin wannan doka a 2024, har da gwajin jinsin jini. Mu a Jos ba sai mun jira an tilasta mana ba, ana yin gwajin a JUTH da Asibitin Ƙwararru na Filato da Jankwano. A yi shi a wurin da aka amince da shi, in sakamako biyu sun saɓa a sake na uku.

Saboda haka kafin a kai kuɗin gaisuwa, ku zauna da kaka ku bi sunayen gidan, na ɓangaren ango da na amarya. In kun ci karo da Ajuji ko Barmani, ku tambaye ta su wa suka riga shi, suna da wata nawa suka rasu, da me suka yi fama. Ku rubuta amsar ku tafi da ita wurin likita ranar gwaji.