Kofin wiski a kayan jeren amarya: zo mu yi magana

1/
Zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan kofunan nan masu kaurin gindi da ƙyalli da suka cika kicin ɗin amare yanzu, waɗanda ake sayarwa saiti guda da kwalba mai murfin gilashi. Duba kwalinsu da kyau, kofin wiski ne. Ra'ayina: yawancinmu asarar kuɗi muke yi a kansu. 🧵

2/
Tun kafin a cika min wajen sharhi: ba na shan barasa, ba kuma tallarta na zo yi ba. Hukuncinta a addini sananne ne, ba ya buƙatar zare. Kofin da aka ciro sabo fil daga kwali bai taɓa ganin giya ba, gilashi ne kawai. Tambayata ita ce, ya dace da abin da MUKE sha?

3/
Domin kowane kofi da kuke gani, akwai abin shan da aka ƙera shi dominsa. Masu wiski sun daɗe suna nazarin wannan, har suna musu a kai kamar yadda muke musun ƙwallo. In kun ji dalilansu za ku gane me ya sa kofinsu bai dace da shayinmu da zoɓonmu ba.

4/
Na farko shi ne gajeren tambulan mai faɗin baki da gindi mai nauyi, wanda kuke gani a finafinan Amurka a hannun attajiri. An faɗaɗa bakinsa don babban dunƙulen ƙanƙara ya shiga. An kaurara gindinsa don a iya daddaka sukari da ɓawon lemo a ciki ba tare da ya fashe ba. Aikinsa ke nan.

5/
Na biyu shi ne Glencairn. Wani kamfanin gilashi na garin East Kilbride a Sikotland ne ya fito da shi a 2001, mai kamfanin sunansa Raymond Davidson. Cikinsa tulu-tulu, bakinsa a tsuke, gindinsa gajere. Ya samo siffar ne daga ɗan kofin da ake kira copita, na masu giyar sheri a Sifaniya.

6/
Me ya sa aka tsuke bakin? Saboda hanci. Faɗin cikin yana ba ƙamshi wajen tashi, tsukakken bakin ya tattaro shi ya kai shi hanci. Ɗan kaɗan ake zubawa, kusan duk kofin fili ne na ƙamshi. Wiskin Sikotland ba ya kasa kashi 40 cikin 100 na barasa, ba abin da ake kwankwaɗa ba ne.

7/
Na uku dogon kofi ne miƙaƙƙe, wanda ake cika shi da ƙanƙara da ruwan soda. A Japan ya fi tashe. Tsawonsa da ƙarancin faɗin bakinsa suna sa iskar sodar ba ta saurin gudu, sanyin ma ya daɗe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa, don shi kaɗai ne a cikin ukun zai yi mana aiki sosai.

8/
Darasin da ke nan na kowa ne. Harshe abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da ɗanɗanon nan na romo irin na daddawa. Sauran duk abin da muke kira daɗin abinci, hanci ne ke kawo shi. Shi ya sa ranar da mura ta toshe maka hanci, ko dambun nama kamar dusa yake a baki.

9/
To tunda hanci ne babban ma'aikaci, siffar kofi tana canza abin da kake ji. Haka zafinsa a hannu, kaurin leɓensa a baki, da yawan abin da yake ɗauka. Masu wiski sun yi wa abin shansu wannan lissafin. Mu kuma sai muka kwaso amsarsu muka ɗora a kan tambayar da ba tasu ba.

10/
Mu fara da shayi, tunda shi ne sarkin majalisa. Zuba tafasasshen shayi a tambulan mai kaurin gindi, musamman da sanyin hunturu, kana iya jin "ƙas". Dalili: gilashi ba ya saurin watsa zafi. Bangon ciki ya yi zafi ya buɗe, na waje yana nan da sanyinsa, sai ya tsage.

11/
Mutane suna ɗauka kauri shi ne ƙarfi. A wajen faɗuwa ƙasa, wataƙila. A wajen ruwan zafi kuwa, gilashi na gama-gari mai kauri ya fi siriri saurin tsagewa, don siririn yana ɗaukar zafi ciki da waje kusan lokaci guda. Tafasasshen ruwa a cinyar yaro ba abin wasa ba ne.

12/
Yanzu ku dubi 'yan ƙananan kofunan shayin Buzaye, irin wanda ake dafawa a kan gawayi daga Agadas har majalisun Kano da Zariya. Ganyen koren shayi ne na Sin, ana dafa shi har ya yi ƙarfi, ana sha zagaye uku: na farko da ɗaci, na biyu ya sassauto, na uku zaƙi zalla.

13/
Ƙanƙantar kofin dabara ce. Shayi mai wannan ƙarfin, kurɓa biyu zuwa uku ya isa, kuma za ka shanye shi da zafinsa kafin ya huce. Gilashin fari tas ne don mai dafawa ya ga launi ya san ko ya nuna. Bakin ya ɗan buɗe don a iya ɗaga buta sama a tsiyayo ba tare da an zubar ba.

14/
Kumfar nan da ake alfahari da ita, daga juye shayin tsakanin kofi da kofi take fitowa. A ɗan siririn kofi takan taru ta yi tsayi ta zauna. Juye shi a faffaɗan tambulan ka gani: kumfar ta baje ta mutu, shayin ya kwanta a gindi kamar ragowar wani, ya huce kafin ka ce bismillah.

15/
Turkawa ma haka. Suna sahun gaba a duniya wajen shan shayi, kuma ɗan kofinsu mai siririn ƙugu suke kira ince belli. Ƙasan yana riƙe zafi, leɓen da ya buɗe yana saurin hucewa, nan ake kamawa da yatsu. Ba shi da mariƙi, ba ya kuma buƙata. Sun ƙera wa shayinsu kofinsa.

16/
Mu ma kakanninmu sun yi wannan aikin. Fura a ƙwarya ake dama ta, da ludayi ake sha, don abu ne mai kauri da gaya a ciki, yana son fili. Ruwan randa yana sanyi ne don yumɓu yana tsattsafo da ruwa iska ta busar. Babu wanda ya rubuta musu littafi, gwaji ne na shekara da shekaru.

17/
Zoɓo fa? Kunun aya? Lemon citta? Nan dogon kofin nan na lamba 7 ya yi daidai. Abin sha ne mai sanyi da ake sha da yawa, ana son ƙanƙara ta daɗe, ana son jan launin zoɓo ya fito. Kunun aya kuma yana kwantawa, dogon kofi ya fi daɗin juyawa da cokali.

18/
Gajeren tambulan zai iya ɗaukar zoɓo, ban ce haramun ba ne. Amma rabin nauyinsa gilashi ne, abin da ke ciki kaɗan. Ka ba baƙon da ya sha rana a hanya, kurɓa uku ya ƙare, kunya ta hana shi neman ƙari. Karamci ai a ƙoshi yake. Glencairn kuwa ko ƙanƙara da ƙyar take shiga bakinsa.

19/
Yanzu ga inda maganar ta wuce ado ta shiga lafiya: kwalbar nan mai murfin gilashi. Wasu daga cikin irin waɗannan kayan kiristal ne mai dalma. Tun wajen 1674 wani Bature a Ingila, George Ravenscroft, ya shahara da zuba dalma a gilashi don ya ƙara nauyi da ƙyalli.

20/
A ƙa'idar Tarayyar Turai, kafin a kira gilashi kiristal mai dalma sai yana da aƙalla kashi 24 cikin 100 na sinadarin dalma. Abin sha mai tsami yana jawo dalmar daga jikin gilashin a hankali. Yawan daɗewarsa a ciki, yawan abin da zai jawo. Ko masu wiskin ana gargaɗinsu kada su ajiye shi a ciki.

21/
Me muke da shi mai tsami? Zoɓo. Tsamiya. Lemon tsami. Abarba. Wato daidai abubuwan da amarya za ta zuba a kwalbar ta saka a firij tun safe don baƙin yamma, wani lokaci ya kwana biyu. Kurɓa ɗaya a kofin kiristal abu ne ƙarami. Ajiya ta kwana da kwanaki ita ce matsalar.

22/
Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara wajen haƙar zinare. Wancan ya fi wannan nesa ba kusa ba, kada a ce na haɗa su. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa.

23/
Kuma yara ƙanana da masu ciki ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Gidan amarya kuwa nan da shekara guda wa ke cikinsa? Mai ciki da jariri, in Allah Ya yarda. Shi ya sa nake ganin wannan ba ƙaramar magana ba ce da za a bar wa masu son ado.

24/
Adalci: yawancin saitin masu araha da ke kasuwa gilashi ne na gama-gari da aka zuba a ma'auni aka yi masa zane, ba dalma a jikinsa. Inda za a sa ido shi ne masu tsada, tsofaffin na gado, da na gwanjo da ba su da kwali. Masu nauyi sosai, in ka ƙwanƙwasa su yi doguwar ƙara kamar ƙararrawa.

25/
Ƙarar ba hujja ba ce cikakkiya, don akwai kiristal marar dalma da shi ma yake yi. Karanta kwali. In ka ga "24% PbO" ko "lead crystal", akwai dalma. In ka ga "lead free", babu. In ba a rubuta komai ba kuma yana da nauyi da ƙyallin nan, bar shi a kabad ya yi ado, kada ya kwana da zoɓo.

26/
Haka kofuna masu fenti a leɓe ko zanen kala a waje. Wasu fentin suna da dalma ko cadmium. A 2010 McDonald's ya janye kofunan gilashi miliyan 12 masu hoton Shrek a Amurka saboda cadmium a fentinsu. Inda leɓenka zai taɓa, gara ya zama gilashi zalla.

27/
Wani zai ce, "Malam, kuɗinta ne, tana son kicin ɗinta ya yi kyau a hoto." Gaskiya ne, kuma son kyau ba laifi ba ne. Amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa kuɗin uba ne da ya sayar da gona ko ya ci bashi don kada a raina 'yarsa ranar jere. Irin wannan kuɗin ya cancanci kayan da za a mora.

28/
Ku leƙa kabad ɗin yayyenku da suka shekara biyar da aure. Saitin wiskin yana nan ya yi ƙura, biyu sun tsage, kwalbar an zuba mata furen roba. Shayin safe kuma a kofin roba ake sha, ko a na silba mai ƙona leɓe. An sayi abin kallo, an rasa abin amfani.

29/
Da za a tambaye ni jerin kofunan gidan sabon aure, ga shi:
• 'yan ƙananan kofunan shayi, dozin guda, don suna fashewa kuma majalisa tana cika
• dogayen kofuna shida zuwa goma sha biyu na zoɓo da kunun aya
• kofunan tangaran masu mariƙi na shayin madara da koko
• jug ɗin gilashi marar ado na firij
• ƙwarya da ludayi

30/
In da hali, nemi gilashin da aka gasa ya yi tauri, irin na Duralex da ake yi a Faransa tun 1945. Yana jure zafi da faɗuwa fiye da na gama-gari, in ya fashe kuma rugurgujewa yake ƙanana-ƙanana maimakon tsini mai yanka. Ko na borosilicate, shi ma ruwan zafi ba ya tayar masa da hankali.

31/
Dabara ta kyauta ga mai kofin gama-gari: ɗauraye shi da ruwan ɗumi kafin ka zuba mai zafi, kada kuma ka ciro kofi daga firij ka zuba masa tafasasshe. A kasuwa, shafa leɓen da yatsa. In ka ji kaushi ko gaɓa, ajiye. Ɗaga shi a haske, in da tsaga ko ƙanƙanuwa ce, ajiye.

32/
'Yan uwa mata masu haɗa kayan kicin, da iyaye da gwaggonni masu rakiya kasuwa: kafin a ce "a sa mana wancan saitin", a tambaya me za a sha a ciki. In amsar shayi ce da zoɓo da kunu, a sayi kofin shayi da zoɓo da kunu.

33/
Wa ke da irin kwalbar nan a gida? Juya gindinta ko kwalinta ka ɗauko hoton abin da aka rubuta ka ajiye a ƙasa, mu duba tare. Ka kuma tura wa wadda bikinta ya kusa kafin a je kasuwa.